Sunan Afra

Hajiya Ramlatu ta fi shekara talatin tana suyar masa a wani lungu na unguwar Misfala a ƙasa mai tsarki, kuma da wuya ka ga ta ƙona ko ɗaya. Ran Laraba da hantsi kuwa ta ƙona tanda guda, saboda maganar da surukinta Mish'al ya zo da ita.

Kwana huɗu ke nan da 'yarta Nadiya ta haifi mace. An riga an tsayar cewa za a sa wa jaririyar Afra, sunan mahaifiyar Ramlatu, wadda aka haifa a Sudan lokacin da iyayenta ke tafiyar ƙafa zuwa Hajji. Wata mai masauki ce ta ba da sunan, ba wanda ya tambaye ta dalili.

Mish'al ya durƙusa ya gaishe ta. Haifaffen unguwar Zahir ne, Hausarsa sai ya cakuɗa da Larabci.

"Umma, akwai mushkila," ya ce, yana miƙo waya. "Na bincika sunan. Akwai mai kama da shi a littafin Bani Isra'ila, wai Ofra. Garuruwa biyu ne na dā, da wani mutum. Mutumin ma namiji ne."

Sunan da bakin Ramlatu bai taɓa furtawa ba don kunya, yau ga shi ana jujjuya shi a waya. Sai da ƙauri ya tashi ta tuna da tanda. Ta kwashe baƙaƙen masar, ta zauna a kujera.

"Zagi ne a yarensu?"

"A'a."

"Mutumin ya yi wani mugun abu?"

Mish'al ya duba. "Ba a faɗi komai ba. Sunan ubansa kawai."

"Garuruwan fa?"

"Na manoma ne, a kan tudu. Ma'anar sunan kuma..." Ya lalubi kalmar bai samu ba, sai ya nuna mata hoto.

"Ɗan barewa!" Dariya ta ƙwace mata. Ta tuna da mahaifiyarta, siririyar matar nan mai dogayen ƙafafu, wadda ko da ta tsufa ba mai iya cim mata a sa'ayi tsakanin Safa da Marwa.

"Ɗana, sunan babanka Yaƙubu, na kakanka Isiyaku. Su ma ka duba su a wayar?"

Mish'al ya sunkuyar da kai yana murmushi. "Halas, shi ke nan, Umma. Tsoro na ji kada a yi mata gori a makaranta."

"Ka kyauta da ka bincika. Ni shekarata sittin ban san wannan ba."

Ta naɗe masa masa mai zafi ya kai wa mai jego. Ran Asabar aka raɗa suna bayan sallar asuba, aka yanka raguna. Da aka miƙo wa Ramlatu jaririyar, ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce ita dai Ummi za ta riƙa kiranta.