Injin da Ya Tsufa a Tsaye

Setsuko ta ɗaga fulogi na shida, ta juya shi a hasken ƙofar garejinta. Baƙi ƙirin, kamar sauran biyar ɗin. Shekara talatin tana gyaran inji a garin Numazu na ƙasar Japan, ta daɗe da sanin cewa ƙarfe ba ya rufa wa mai shi asiri.

"Baba Tokuji, ina kake zuwa da motar nan?"

"Bakin teku mana, duk Lahadi," in ji tsohon, yana shafa jar motar tseren da ya saya tun yana saurayi.

"Haba Baba! Ringi sun cinye, fetur ya wanke silinda, baƙin mai ya koma kunu. Amma dubi tayoyi, ko tsakuwa ba su taka ba. A tsaye injin nan ya tsufa."

Tsohon ya cire hula, ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Shekara huɗu ke nan da idonsa ya yi rauni, ya kai lasisinsa ofishin 'yan sanda da hannunsa, amma ya kasa gaya wa matarsa Fumie. Duk Lahadi sai ya tafi rumfar da yake ajiye motar, ya tayar da ita, ya zauna riƙe da sitiyari awa biyu, sannan ya koma gida yana zuba labarin igiyar ruwa.

Da ya gama faɗa mata gaskiya, tausayi ya kama Setsuko, ita da ba ta iya lallashi ba.

"Zan gyara. Amma sabon inji sai ya ci kilomita dubu a kan titi, a hankali. In ka sake barinsa yana kuka a tsaye, ka kashe shi. Wa zai ja?"

"Ke dai gyara, 'yata. Kada ki gaya wa Fumie."

Sati shida ta yi a kansa. Ta sauke injin, ta goge silinda, ta sa sababbin ringi, tana auna kowane ƙarfe sau biyu tana mita. Abin da ke cinta shi ne aikin nan duka rumfa zai koma ya ruɓe.

Ranar karɓa, Tokuji ya zo da wuri, ya shige mazaunin direba. Bai ankara ba sai ga Fumie a bakin ƙofa, da takalmin ƙafa-ciki da jakarta a hammata. Ta zaro tambari mai siffar ganye, kore da rawaya, alamar sababbin direbobi, ta manna a goshin motar.

"Matsa can, tsoho. Nan wurina ne."

"Ke! Tun yaushe kika sani?"

"Da, busasshen kifi kake kawo mini, rigarka tana ƙanshin gishiri. Shekara huɗu kana dawowa da warin hayaƙi. Ka zaci hancina ma ya tsufa?"

Wata takwas ta yi tana zuwa makarantar tuƙi a ɓoye, tana da shekara saba'in da uku. Sau uku kuloci ya kayar da ita a jarrabawa, a karo na huɗu ta ci.

Da Fumie ta zauna ta tayar, motar ta yi tsalle, ta mutu. Ta sake mutuwa. Setsuko ta dafe ƙirji, sati shidanta ne ake gurzawa. A na uku injin ya ɗauka, muryarsa sumul, tayoyi suka taka titi.

"Teku ta ina?" in ji Fumie.

Tokuji ya lumshe ido, ya jingina. "Miƙe. Bayan gada sai ki yi dama."