Ambulan Manjo Bisht

Nasidi bai yarda da Manjo Bisht ba tun ranar da mutumin ya tambayi sunansa. Shekararsa huɗu a filin harbin da ke bayan garin Doha, shi ke kula da injuna goma sha biyar da ke cikin rami, masu cilla faifan yumɓu sama maharba su farfasa, kuma bai taɓa ganin ɗan gasar da ya damu da ko yana da suna ba. Sai ga hafsan sojan Indiya mai furfura a gashin baki yana gaishe shi har da dafa ƙirji. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Kowa a filin ya san tarihin Manjo. Shekara ashirin da biyu yana yawo da bindigarsa ƙasa-ƙasa, ya ci azurfa, ya ci tagulla, ƙarar harbi ta cinye masa kunnen hagu, amma gurbin Olamfik ya ƙi samuwa. Wannan gasar ce damarsa ta ƙarshe. Nasidi kuwa ya san abin da mai damar ƙarshe zai nema wurin mutumin rami: wane inji zai cilla, ta wane ɓangare. Shi ya sa aka hana ma'aikaci hira da ɗan gasa. Rashad, shugaban ma'aikata, ya sha faɗa cewa duk wanda ya kama, a makon nan zai ga filin jirgi, a mayar da shi ƙasarsu.

Ranar gwaji Manjo ya gama harbinsa ya ƙi barin layi. Ya karkata kunnensa mai ji wajen rami, ya daɗe a haka. Da aka tashi sallar azahar ya tari Nasidi a bakin famfo, ya waiga hagu da dama, ya miƙo hannu. Suna gaisawa Nasidi ya ji ƙaramin ambulan a ninke cikin tafinsa. Kafin ya ce uffan mutumin ya wuce.

A Kano Nasidi ya girma. Ba sai an karanta masa abin da ake ninkewa a cusa a hannu lokacin gaisuwa ba. Ransa ya ɓaci, tsoro kuma ya fi ɓacin ran yawa.

Da la'asar, a gidansu na Nu'aija, matarsa Safiyyatu ta jujjuya ambulan ɗin ta ce, "Baban Jidda, buɗe mana mu gani."

"In na buɗe ai na karɓa ke nan."

"To, kai wa Rashad."

"In ce masa ta ina ya shigo hannuna? Wannan da ko tari na yi sai ya rubuta? Khalas, shi ke nan, a gama gasa in mayar wa mai abu abinsa."

Ya tura shi aljihun rigar aiki, ya zuge.

Da safen gasa Manjo ya hango shi daga nesa, ya ɗaga gira alamar tambaya. Rashad na tsaye a gefe. Nasidi ya gyaɗa kai da sauri don kawai mutumin ya ɗauke ido daga kansa. Manjo ya yi murmushi, shi kuwa Nasidi ya tsani murmushin nan.

Dattijon ya yi harbi ranar, ko maƙiyinsa ya shaida. Nasidi na zaune bayan alƙalai da oba-oba a hannu, yana ganin faifai na tashi yana zama jar ƙura. Saura guda ɗaya Manjo ya shiga zagayen ƙarshe. Ya kafa bindiga a kafaɗa, ya yi kira. Inji na bakwai ya yi wata ƙara ƙyas, faifan ya fito ƙasa-ƙasa yana rawa. Harbi biyu, duka iska.

Kocin Indiya ya zabura yana nuna rami, yana cewa a shigar da ƙara. In aka shigar, za a buɗe injin, kuma sa hannun Nasidi ne a takardar da ta ce duka sha biyar lafiyarsu ƙalau. Alƙali ya dubi Manjo yana jira. Manjo ya buɗe bindigarsa, ya zare kwankon harsashi, ya girgiza kai. Ba ƙara.

Ko a nan Nasidi bai sauko ba. A ransa ya ce, ai dole, ya san in aka tona, ambulan ɗinsa ma zai fito.

Ya sami Manjo a wurin ajiye motoci yana saka akwatin bindiga a but. Ya miƙa masa ambulan ɗin, fuska a murtuke.

"Ranka ya daɗe, ga ajiyarka. Ni ba na irin wannan."

Manjo ya dubi bakin ambulan ɗin da ke liƙe, ya daɗe yana dubawa.

"Ba ka buɗe ba? Amma ka gyaɗa mini kai."

Manjo ya ƙi karɓa. Nasidi ya yage bakin da kansa. Guntun katin rubuta maki ne, an ninke shi huɗu, da rubutun biro: Sifirin ɗin da ke cilla faifai a inji na bakwai ya saki, na ji shi. Canza shi kafin gasa. Ban gaya wa shugabanka ba.

"Na taɓa kai irin wannan ƙorafi a wata ƙasa," in ji Manjo. "Washegari ban sake ganin mai injin ba. Ban so a maimaita."

Kunya ta rufe Nasidi. Manjo ya dafa ƙirji kamar ranar farko, ya shiga mota.

Nasidi ya koma filin, ya ɗauki sifana da sabon sifirin daga sito, ya sauka rami ya durƙusa gaban inji na bakwai. Minti goma aikin ya ɗauke shi.