Tsuntsun da Ya Ci Yaƙin Teku

Shekara ashirin ina gyaran talabijin a Tunga, abin da sana'ar ta koya min shi ne akwatin nan ba shi da kunya. Duk abin da aka ɗura masa sai ya faɗa.

Ranar Litinin Mama Dorothy, maƙwabciyata a Maitumbi, ta faɗo shagona ɗankwali a hannu. Ɗanta Kambai kuku ne a wani jirgin ruwan dakon kaya, kuma ta ji cewa jiragen yaƙin wasu manyan ƙasashe biyu sun gwabza a mashigin da jirginsu ke bi. Wayarsa ba ta shiga. Ta ɗauki azumi, ta ce ba abin da zai wuce maƙogwaronta sai ruwa har ta ji muryarsa.

"Jiya, kunna min duka," ta ce.

Na kunna guda uku da ke jiran masu su. Tashar farko, ta ɗaya daga ƙasashen biyu, ta ce jirgin ƙasarsu ya fatattaki na abokan gaba. Ta biyu ta ce nasu ne ya yi korar. Ta uku ta kawo wani mai kwat da taswira, wanda daga gani ko kogin Chanchaga bai taɓa tsallakewa ba, yana cewa duniya ta zo ƙarshe.

Ni kuwa tsuntsu nake kallo. Wani fari ne yana giftawa ta saman hoton, a tasha ta ɗaya daga hagu, a ta biyu daga dama. Na san shi sarai. Shekara biyu da suka wuce da aka nuna wannan hoton, sai da na kwance talabijin ɗin wani malami saboda tsuntsun nan, ina zaton tabo ne a gilashi.

"Mama, hoton nan tsoho ne. Juya shi kawai suka yi."

"Kai da ko kwalekwale ba ka taɓa shiga ba? Manyan mutane za su zauna su yi ƙarya da jirgi guda?"

Raina ya ɓaci, amma tausayinta ya fi ƙarfina. Kwana uku tana zuwa tana zama a bencina, tana ramewa, tsuntsu yana ta kai da kawowa.

Ranar Alhamis da azahar wayarta ta yi ƙara. Ta miƙo min, na danna mata.

"Mama, lafiya? Na ga kiranki har arba'in."

"Kambai, kana da rai? Yaƙin fa?"

"An dai ce mu tsaya, aka yanke mana waya. Ni ina can ƙasa ina yanka albasa, ban ga komai ba. Ke da ke kusa da talabijin, gaya min, wa ya ci?"

Ta dubi akwatunan nan uku, hawaye na zuba, tana dariya.

"Wani tsuntsu ne," ta ce masa. Sannan ta juyo. "Jiya, kashe su, ka leƙa min ko mai shinkafa da wake ba ta tashi ba."