Karar da Mashud Ya Yi

Shekara huɗu Mashud yana tuƙa Injiniya Barira a wata ƙasar Larabawa, daga unguwar Abu Hamour zuwa ofis a West Bay, takardar difilomarsa ta zanen gini tana kwance a ƙasan akwati. Bana kamfanin da suke wa aiki zai ɗauki mai zane mutum ɗaya, ita kuma ta ce za ta sa masa baki.

A cunkoson Corniche, titin bakin teku, ta yi ta mita kan wata rumfar jiran mota da aka ba ta ta zana, wai duk yadda ta juya ta, zafi ne. Mashud ya ari bironta, ya zana mata a bayan ambulan yadda kakansa, magini a Zariya, yake barin 'yan tagogi can sama, zafi ya fice, sanyi ya shigo ta ƙasa. Ta jefa ambulan a jaka, ko sannu.

Rumfa ta ci lambar yabo. Ran walima Mashud ne ya shigo da allon zanen a ka. Shugaban kamfanin, wani Bafaranshe da ba ya gajiya da jin muryarsa, ya tsaya yana bayanin kalmar inspiration. Ya ce a Turanci da Faransanci duk daga Latin ta fito, asalinta hura numfashi, don magabata sun ɗauka daga sama ake hura wa mutum basira. Barira ta ce ita tata a bakin teku ta sauko mata.

Bafaranshen ya lura da yadda Mashud ya ƙura wa tagogin da ke jikin zanen ido.

"Ko da hannunka a ciki?"

"Ni wa, yallaɓai? Aikin Hajiya ne."

Haka aka tarbiyyantar da shi. A gida kai ka janye, wanda ka yi wa kara shi zai jawo ka gaba, ya ce kada a ji taka. Ya tsaya yana jira. Hajiya ta sunkuya tana duba wayarta. Bafaranshen ya dafa kafaɗarsa ya wuce.

Bayan sati biyu aka ba wani mutum aikin zanen. Baƙin ciki ya hana Mashud cin abinci, amma ya daure sai da suka shiga mota.

"Hajiya, ai na zaci za ki yi magana."

Ta gyara mayafi, ba ta ko kalli madubi ba.

"In ƙaryata ka gaban mutane? Da bakinka ka ce ba kai ba ne. Yalla, mu je."