Guntun Gaskit a Aljihun Fosu

A Suame Magazine, unguwar makanikai, ba a sayen kayan mota da baki. Tsohon abin ake ɗauka a je da shi shago, a ɗora shi kan sabo a gwada. Shi ya sa da safiyar Alhamis, da makaniki Yaw Fosu ya ɗaga kan injin tsohuwar Fijon kawunsa ya zaro gaskit ɗin da ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin kai da gangar inji, ya tsaya yana kallon gefensa. Tsaga uku ne a jere. Ya waiga, ya sa filaya ya karye wurin, ya jefa guntun a aljihu.

Na kamfani tsaga biyu gare shi. Mai uku ya fi kauri, kuma ba a sa shi sai a injin da aka taɓa aske wa kai, wato aka kankare fuskarsa don ta daidaita. Duk tsohon direba ya san haka, kawunsa Opanyin Adusei kuwa shekara talatin da ɗaya yana tuƙa motar nan.

Shekara uku da suka wuce aka kai tsohon Accra aikin ido, ya bar wa Fosu makulli kamar yadda ya saba. Fosu ya kwashi abokai suka tafi tafkin Bosomtwe shan iska. A hawan dawowa allurar zafi ta kai ja, ya gani, ya ƙi tsayawa don kada a yi masa dariya. Kan injin ya lanƙwashe. Ya kai aka aske shi, ya sa mai kauri, ya wanke motar tas. Bai gaya wa kowa ba. Ya sha ce wa kansa ɓarnar da aka gyara ba ɓarna ba ce, kuma har yau bai gama yarda da hakan ba.

Yanzu motar ta koma shan ruwa tana fitar da farin hayaƙi. Jibi Asabar kuma dole ta hau dutsen Kwahu, domin za a binne wan matar Opanyin a Mpraeso, kuma tsohuwar ta ce ba za ta shiga motar haya da ciwon ƙugunta ba.

"Wofa, ka zauna a inuwa, yanzu zan dawo," Fosu ya ce wa kawun nasa.

"In zauna? Ka sayo mini kwali a ce gaskit ne? Mu je."

Suka bi ta tsakanin tulin injuna da baƙin mai da ya jiƙa ƙasa, tsohon na gaba da sandarsa. Shagon Maame Dufie na can ƙarshen layi. Suka tarar tana cin dokunu, tuwon masararsu, da soyayyen kifi, ta ɗago kai.

"Opanyin! Har yanzu akwalar nan ba ta mutu ba? Ai ta girmi surukata."

"Za ta kai ki makabarta ta dawo, Dufie. Wanke hannu ki duba mana."

Ta karɓi tsohon gaskit ɗin, ta juya shi, ta bi gefensa da yatsa. Ta tsaya daidai inda ya karye.

"Ina kunnensa?"

"Ya ƙone," in ji Fosu. "Wajen cirewa ya ɓalle."

Ta dube shi. Karayar sabuwa ce fil, tana ƙyalli. Ta shiga ciki ta fito da guda biyu a leda, ta shimfiɗa su kan tebur.

"Ga mai biyu, ga mai uku. An taɓa aske kan?"

"Aske?" Opanyin ya buga sandarsa a ƙasa. "Tun da na ɗauko motar nan daga tashar jirgin ruwa ta Tema, dutsen aski bai taɓa ta ba. Je ki tambayi Magazine kaf. Ba mu mai biyu."

"Ai shi ke nan. Masta Fosu, haka ne?"

Fosu ya ƙura wa mai biyu ido. Ya san abin da mai biyu zai yi. A cikin gari zai yi shiru, ya yi lafiya har Nkawkaw da ke gindin dutsen. Sai an fara hawa, inji ya ɗau nauyi, matsi ya yi yawa a kan da aka riga aka rage. Ya hango motar tsaye a wata kwana mai rami a gefe, tururi na tashi, manyan motoci na gangarowa, tsohuwa a kujerar baya cikin baƙin zane ba ta iya fita da sauri. Ko kuma babu abin da zai faru. Ya taɓa ganin injin da ya jure haka shekara guda.

"Wofa, mu ɗauki mai uku mana," ya ce. "Mota ta tsufa. Kauri ba ya cutarwa."

"Ba ya cutarwa? Ya kashe mata ƙarfi a kan dutse? Wa ya koya maka aiki, kai?"

"Kai ne."

"To ban koya maka wannan ba."

Wata dabara ta zo masa. Ya bari a sayi mai biyu, in tsohon ya tafi gida ya dawo shi kaɗai ya musanya. Amma ya san kawunsa. Zai jawo benci ya zauna gaban motar har a ɗaure ƙusa ta ƙarshe, kuma da hannunsa zai miƙo gaskit ɗin.

Maame Dufie ta fara naɗe mai biyu a jarida. A hankali take yi, ba ta kallon kowa. Ta ninke gefe ɗaya, ta ninke ɗaya, ta jawo igiya.

"Maame, dakata."

Fosu ya sa hannu a aljihu ya ajiye guntun a kan tebur. Ya tura shi har ya haɗu da inda ya karye a jikin tsohon gaskit ɗin, ya zauna daram.

Idon Opanyin bai koma daidai ba tun bayan aikin, don haka da ɗan yatsa ya ƙirga. Ya ƙirga sau biyu.

"Yaushe?"

"Lokacin da kake Accra. Na kai ta Bosomtwe. Ta yi zafi, ban tsaya ba."

"Wa ya aske?"

"Wani a Tafo. Na guje wa na nan don kada ka ji."

Ana ta bugun ƙarfe a shagon da ke kusa. Tsohon ya gyara riƙon sandarsa. Fosu ya jira sandar, ya ma fi son sandar.

"Da na dawo na ji muryarta ta sauya," in ji Opanyin a hankali. "Na ce wa matata, ido ya tafi, ga kunne ma ya bi shi. Shekara uku ina zaton ni ne na lalace."

Sai tsohon ya juya ga Maame Dufie.

"Dufie, kwance wannan. Ba mu mai uku. Wanda ya fi kyau, ba na kwali ba."

Ta naɗe ta miƙa, tsohon ya nuna Fosu da haɓa, shi ya karɓa. Suka kamo hanyar komawa. Da suka iso gaban motar Opanyin ya jawo benci ya zauna, ya miƙa tafin hannu.

Fosu ya ɗauka gaskit ɗin yake so, ya fara kwance igiya.

"Ba shi ba. Shi kai za ka ɗaura, kafin la'asar. Makulli."

Makullin na rataye a ƙusar da ke bayan ƙofar rumfar gyaran mota, inda yake kwana duk lokacin da motar ta zo tun Fosu na saurayi. Fosu ya ciro ya ba shi. Tsohon ya sa a aljihun gaba ya maɓalle, sannan ya ce, "Goge fuskar injin da kyau tukuna. Ina kallo."