Zoben Zuhal da Tuwon Maƙwabta

Malam Kamaruddeen ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana zana wa 'ya'yan mutane tauraron Zuhal a jikin allo, ƙwallo a tsakiya, zobe kewaye da shi, alhali bai taɓa ganinsa da idonsa ba. Sai da ya yi ritaya ya koma Unguwar Kuka, can bayan Dawakin Tofa, sannan wani tsohon ɗalibinsa ya aiko masa da madubin hangen taurari, farin bututu mai tsawon taɓarya a kan ƙafafu uku. A makon da kayan ya iso ne kuma likitan ido a Kano ya gaya masa gaskiya. Hawan jinin ido ya riga ya cinye na hagu, na dama yana bin sahu, magani sai dai ya rage masa gudu. Abin ya daki Malam ƙwarai, amma bai yi kuka ba. Buri ɗaya ya sa a ransa: ya ga zoben nan kafin idon ya rufe.

Sai dai sama ba ta samuwa a banza a Unguwar Kuka. Tsakar gidansa darbejiyar maƙwabci ta yi mata rumfa. A bayan gidan kuwa dawa ce ta fi mutum tsawo, har jikin katanga. Filin firamare kuwa kansila ya kafa masa fitilar sola mai kashe ido, wadda ba ta haska komai sai awaki. Saura kan soro.

To, a garin nan namiji ba ya hawa soro haka siddan. Gidaje a manne suke, wanda ya hau sama tsakar gidan kowa a tafin hannunsa take. Don haka duk mai hawa sai ya tsaya a gindin tsani ya ɗaga murya, matan maƙwabta su shige ɗaki, ba su fitowa sai ya ce ya sauko. Ba wanda al'adar ta taɓa takurawa, don sau ɗaya ake hawa a shekara, lokacin yaɓe kafin damina.

Malam mutum ne mai bin ƙa'ida, ko layin awon hatsi bai taɓa tsallakewa ba. Ana sallame magariba ya dawo gida, ya saɓi bututunsa, ya gyara murya irin ta taron ɗalibai.

"Za a hau soro! Mata a kimtsa!"

Daidai lokacin da kowace mace ta zuba gari a tukunya ke nan, muciya a hannu. Suka watsar suka shige ɗaki. Malam ya yi ta fama da kusoshi da saiti har aka kira isha'i, bai kama komai ba sai reshen darbejiya. Kashegari ya sake. Rana ta uku gajimaren ƙarshen damina ya tare shi. Wata rana kuma hayaƙi ne ya rufe masa sama, bai kuwa tsaya ya tambayi kansa daga ina hayaƙin yake tasowa ba.

Daga tukwanen maƙwabta yake tasowa. Magidantan da suka wuni suna yankan gero suka koma cin tuwo mai gudaji da ƙauri, miya ta ƙafe a tukunya. Sama'ilu, wanda katanga ɗaya ta raba su da Malam, ya fara amsa gaisuwarsa da hanci. Ba wanda ya iya cewa uffan, don mutumin bai karya doka ba, cika ta yake yi har tana zuba.

Luba, matar Malam, ce ta tare shi. "Malam, ka kashe mini zumunci. Hure ta Sama'ilu ko barka da asuba ta daina yi mini. Sama kake kallo, ba mutane ba. Ka hau abinka shiru mana, wa zai sani?"

Ya daɗe yana jayayya da zuciyarsa. Amma da safiyar ranar ya lura gefen ƙofar masallaci ya ɓace masa, sai ya juya kai yake ganinsa. Tsoro ya kama shi. Da magariba ya cire takalmi ya hau tsani kamar mage.

Ranar sama ta wanke tas. Ya bi saitin a hankali, sai ga wani ɗigo ruwan ƙwai ya shigo tsakiyar gilashi, dishi-dishi, mai ɗan faɗi ta gefe da gefe. Shi ne. Ya kai yatsu kan maƙunnin da ke tace hoto, ya fara murzawa.

"Wayyo Allah! Ƙato a kan soro! Ya auno ni da bindiga!"

Hure ce, daga bakin murhu, ba mayafi. Malam ya zabura, gwiwarsa ta ture ƙafar madubin, Zuhal ya fice. Kafin ya lalubo tsani ƙofar gidansa ta cika da maza da sanduna. Mutanen da suka ƙoshi da ƙanzo sun samu abin da suke nema.

Washegari da la'asar aka zauna a zauren mai unguwa, Alhaji Hashimu, mai bene ɗaya tilo a garin, mai lambun albasa a fadama. Sama'ilu ya rantse cewa abin nan yana ganin cikin ɗaki ta jikin bango. Wani ya ce ya ji yana ɗaukar hoto ya aika waya. Malam ya miƙe ya yi musu darasi a kan nisan duniyoyi da yadda gilashi ke tara haske, suna kallonsa kamar mai karanta musu takardar magani.

"Ranka ya daɗe, a gwada," in ji shi a ƙarshe. "Ka leƙa da idonka."

Nan ya yanka wa kansa. Aka yi shela, mata suka kimtsa, aka hau da madubin saman benen Alhaji. Mai unguwa ya kafa ido, ya ce shi fari kawai yake gani, ya danno bakin bututun ƙasa ya karkata shi yamma. Sai ya yi salati.

"La'ilaha illallahu. Wannan ba lambuna ba ne? Me ya sa yake a kife?"

"Haka yake nunawa, ranka ya daɗe. A sama ba a damu da kai da ƙafa ba."

"A kife ko a miƙe, wancan Tahir ne mai yi mini ban ruwa! Kwance yake a gindin mangwaro, injin ban ruwa yana ta shan mai! Ga sauran can suna shan rake!"

Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago, fuskarsa ta alƙali ce. Ya ce ya tabbata Malam ba mutumin banza ba ne, kowa ya shaida. Amma abu mai kaifin ido haka bai kamata ya zauna a hannun mutum ɗaya a tsakiyar gidajen aure ba. Zai riƙe shi amana a benensa, wanda ke bakin gari, ba ya kallon tsakar gidan kowa sai fadama. Malam kuwa ƙofa a buɗe take gare shi kullum, daga hantsi zuwa la'asar.

"Ranka ya daɗe, Zuhal ba ya fitowa da rana."

"To wannan tsakaninka da shi ne. Ni dai bayan magariba iyalina suna shan iska a sama."

Jama'a suka ce Allah ya ƙara wa Alhaji adalci. Daren ranar an ci tuwo mai laushi a Unguwar Kuka.

Malam ya yi ta sintiri. Ya roƙi magariba ɗaya tak, aka ce sai an gama girbin dawa. Aka gama, aka ce sai an kwashe albasa. Ya tura liman, liman ya dawo da kwandon albasa da nasiha a kan haƙuri. Ma'aikatan lambu dai sun shiryu, har sun fara zargin Alhaji yana da aljanu.

Wajen tsakiyar rani wani ya taɓa maƙunnin, hoton ya dagule, Alhaji ya aika a zo da Malam. Ya hau matakalar yana shafa bango, Luba ta tsaya a ƙasa. Ya laluba ya kama bututun, ya sami maƙunnin da yatsu, Alhaji ya kafa ido.

"Murza. Ƙara. Ya wuce, dawo. Yauwa! Kai, Malam, ilimi ni'ima ne. Har ƙwaryar furarsu nake gani. Matso ka leƙa ka ga ikon Allah."

Malam Kamaruddeen ya tsaya yana fuskantar inda muryar take, ya ɗan kauce mata kaɗan.

"Bar shi, ranka ya daɗe," ya ce. "Gaya mini kawai."