Lamba Sha Shida

Ranar da muka gama kwalejin horar da malamai, Monita ya kafa mana doka: duk Asabar ɗin farkon wata, lamba ɗaya a rajistar aji zai kira lamba biyu a waya, biyu ya kira uku, har a kai talatin da ɗaya. Kowa ya faɗi abin da ya ji, ya ɗora nasa. Da haka muke sanin wadda ta haihu, da wanda aka canja wa makaranta, da wanda ya ajiye alli ya koma kiwon kaji. Labari kan isa ƙarshe a karkace. An taɓa yi wa Monita aure biyu a wata guda, shi bai sani ba.

Ni ce sha huɗu. Shekara goma sha tara ina kiran Gajera, sha biyar, ta cika min kunne da dariya. Watan jiya Allah ya yi mata rasuwa. Yanzu wadda ke bi mini ita ce sha shida, Shiru-shiru.

Rabon da mu yi magana tun muna ɗalibai. Lokacin koyarwar gwaji ni na miƙa mata littafin tsara darasina da hannuna, na ce ta kwafa. Da malami ya gano, na rantse ban san ta ɗauka ba. Aka zaftare mata maki, ni na fita fes. Har yau kunyar abin ba ta sake ni ba.

Sha uku ya kira ni da hantsi, ya sauke min kayansa. Na share ɗakin da na riga na share. Na goge kayan makarantar yara, har da safa. Maigidana ya leƙo ya ce, "Yau safa ma ta samu gata?"

Idan ban kira ba, mutum goma sha shida za su wuni suna jira. Na zauna bakin gado na danna lambar.

Bugu ɗaya ta ɗauka.

"Sha huɗu," in ji ta. Muryarta ta yi kauri.

"Ni ce. Ya haƙurinmu?"

"Haƙuri sai ma'abocinsa. Tun safe wayar na hannuna."

Na soma zuba mata labarin mutane da sauri, kamar mai karanta sanarwa a taron ɗalibai: ɗan lamba sha ɗaya ya karye a ƙafa, bakwai ta zama shugabar makaranta. Ta bar ni na kai aya.

Na ce, "Akwai maganar littafin nan. Ni na ba ki. Na yi ƙarya."

"Na sani, ai ina wurin." Ta ɗora da cewa, "Ke dai ba ki faɗi naki ba. Ya ciwon gwiwar? Auta ta ci jarabawar?"

Na ce, "A ina kika ji waɗannan?"

Ta ce, "Duk wata sai na tambayi Gajera labarinki. Yanzu ba ni da wanda zan tambaya sai ke. Sha bakwai ya jira."